Gani Ya Kori Ji: Littattafan Tolkien da Finafinan Peter Jackson

1. Gabatarwa

Tun sa'ad da aka fara ɗaukar labarin littafi ana mai da shi majigi, ba a taɓa rasa gardama tsakanin waɗanda suka karanta da waɗanda suka kalla ba. Mai karatu yakan fito daga gidan silima yana gunaguni, wai an yar da wane, an ƙaro wance, an sake ƙarshen labari. Mai kallo kuwa ya ce shi dai ya ga abin da ya gamshe shi, sauran magana ta malamai ce. Gardamar nan ta fi zafi a kan littattafan almara, watau ƙagaggun labaran da marubuci yakan gina wa duniya tasu ta dabam, da ƙasashenta da kabilunta da tarihinta, wani lokaci har da harsunanta. Dalili kuwa shi ne, wanda ya karanta irin wannan littafi ya riga ya gina duniyar nan a zuciyarsa, saboda haka in ya tarad da wani ya gina ta da wani fasali, sai ya ji kamar an shiga gidansa an sake wa ɗakuna wuri.

Nufin wannan takarda shi ne a duba misali guda wanda ya fi kowane shahara, watau littattafan J. R. R. Tolkien da finafinai shida da Peter Jackson ya yi da su. Akwai mudu uku da za a iya auna daidaiton fim da littafi. Na fari shi ne abubuwan da suka auku cikin labarin. Na biyu shi ne harshen da aka ba da labarin da shi. Na uku shi ne hukuncin da labarin ya yanke a kan halin mutane da al'amuran duniya. Galibin masu gardama da mudun farko suke awo, alhali kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun.

2. Marubucin da Littattafansa

An haifi Tolkien a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya girma a Ingila, ya rasu a 1973. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana cikin waɗanda suka ga yaƙin Somme a Faransa a 1916. Sana'arsa nazarin tarihin harsuna ce. Ya riƙe kujerar Farfesan tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1945, sa'an nan ya koma wata kujera a nan jami'ar har ya yi ritaya a 1959. A 1937 aka buga littafinsa na yara mai suna The Hobbit. Babban littafin kuwa, The Lord of the Rings, watau Ubangidan Zobba, ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955, ya kuwa ɗara shafi 1,000.

Taƙaitaccen labarin shi ne, wani mugun mai mulki mai suna Sauron ya ƙera zobe ya zuba ikonsa a ciki, zoben ya ɓace masa, bayan dubban shekaru ya faɗa hannun Hobitawa, waɗansu gajerun mutane manoma masu son zaman lafiya da cin abinci. Manya suka yi shawara suka ga ba wanda zai yi aiki da zoben nan bai lalace ba, kome kyawun niyyarsa. Saboda haka aka ɗora wa wani Bahobite mai suna Frodo nauyin kai shi dutsen wutar da aka ƙera shi, ya jefa shi ciki.

An sayar da izinin yin fim da littattafan ga kamfanin United Artists a 1969. A 1978 Ralph Bakshi ya yi fim na zane da wajen rabin labarin, bai kuwa samu ya ƙarasa ba. Sai Peter Jackson, mutumin Niyuzilan, tare da Fran Walsh da Philippa Boyens, suka tsara finafinai uku, aka ɗauke su a haɗe a can ƙasarsu daga Oktoba 1999 zuwa Disamba 2000, aka nuna su a 2001 da 2002 da 2003. Tsawonsu duka minti 558 ne, watau sa'a tara da 'yan mintoci, dogon zubin da aka fitar daga baya kuwa ya wuce sa'a 11. Na ukun kaɗai ya ci kyautar Oscar 11 a 2004. Ba a tababa a kan ƙwarewar aikin. Abin tambaya dai shi ne, labarin wa aka kalla?

3. Mudu na Fari: Abin da Aka Yar da Abin da Aka Ƙara

Littafi mai shafi dubu ba ya shiga sa'a tara sai an rage shi, wannan ko makaho ya sani. A littafi shekara 17 ne tsakanin ranar da Frodo ya gaji zoben, yana da shekara 33, da ranar da ya bar gida yana da 50. A fim kuwa kamar 'yan makonni ne. An yar da Tom Bombadil, wani tsoho mai waƙe-waƙe wanda zoben ba ya da iko a kansa, tare da babi uku da suka shafe shi. An ɗauke aikin wani jarumi mai suna Glorfindel an ba Arwen, don mai kallo ya san ta tun da wuri. Masu ƙidaya sun cika takardu da irin waɗannan, amma in an yi adalci, asarar da aka yi a nan kaɗan ce. Tafiyar ba ta sake hanya ba, nauyin zoben bai ragu ba.

Tolkien kansa bai ƙi a rage ba. An kawo masa wani tsarin fim da Morton Grady Zimmerman ya rubuta, a 1958 ya yi masa doguwar amsa yana bin sa daki-daki. Abin da ya nuna a ciki shi ne gara a cire abu ɗungum da a cusa kome a gurguje, kuma abin da ya fi ɓata fim shi ne zuguguwa da shigo da abin da ba ya cikin asalin labari. Har ya ce in wuri ya ƙure, a cire yaƙin Helm's Deep a bar labarin Ent, watau makiyayan itatuwa. Abin mamaki, yaƙin nan da marubucin ya ga za a iya yarwa, wanda babi guda ne tak a littafi, shi ne ya cinye wajen minti 40 a fim na biyu.

Har wa yau akwai wuraren da fim ya yi wa littafi rinjaye, kuma wajibi ne a faɗe su. A littafi ba a nuna yaƙin ƙarshe na Boromir ba, sai dai Aragorn ya ji ƙaho, ya tarad da shi yana gargarar mutuwa. Fim ya nuna shi yana kāre ƙananan Hobitawa biyu kibau suna shigarsa, mai kallo ya ga tuban mutumin da idonsa. Haka kuma wutar gangami da aka kunna daga tsauni zuwa tsauni don neman gudunmawa: 'yan layuka ne a littafi, fim kuwa ya ba da ita ba da kalma ko guda ba, sai hoto da kiɗan Howard Shore. Gollum, tsohon mai zoben da zoben ya cinye, wanda Andy Serkis ya yi wasansa aka lulluɓe da zanen kwamfuta, ya fito da zuciyarsa biyu suna jayayya har mai kallo ya ji tausayinsa. A irin waɗannan wurare ido ya yi aikin da alƙalami bai yi ba.

4. Ido da Kunne

Hausawa sun ce gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi ta kunne. A sha'anin almara maganar tana da wata fuska, domin gani yakan kori ji har ya kore abin da jin yake haifarwa. Tolkien ya yi magana a kan wannan cikin laccar da ya yi a Jami'ar St Andrews a 1939, wadda aka buga a 1947. Ra'ayinsa shi ne wasan kwaikwayo ba abokin almara ba ne, domin in labari ya ambaci gurasa ko kogi ko tudu, kowane mai sauraro yakan kawo nasa daga cikin abin da ya taɓa gani, amma mai zane ko mai wasa tilas ya nuna guda ɗaya, nasa.

Duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya da dare ya san gaskiyar wannan. Ba a taɓa faɗin tsawon Dodo ko yawan haƙoransa ba, amma kowane yaro yana da nasa Dodon, daidai da girman tsoronsa. Tolkien ya bi wannan hanya. Sauron bai taɓa fitowa fili ya yi magana a gaban mai karatu ba, sai dai a ji nauyinsa kamar hadari. Fim ya nuna shi tun a mintocin farko cikin sulke, daga baya kuma ya mai da shi ƙaton ido na wuta a kan hasumiya, yana haska ƙasa kamar fitilar 'yan sintiri. Haka Balrog, dodon da ya ja Gandalf cikin rami. An siffanta shi da inuwa da wuta, a dunƙule, har masu karatu suka yi shekaru suna musu ko yana da fukafukai. Fim ya yanke musun, ya ba shi fukafukai da ƙahoni. Hoton yana da ban tsoro ƙwarai, sai dai tsoro ne mai iyaka, wanda aka auna aka ba kowa daidai wa daida.

Ba laifin Jackson ba ne wannan, halin majigi ne. Hasali ma ya yi hikima da ya ɗauko Alan Lee da John Howe, masu zanen da suka daɗe suna yi wa littattafan hotuna, don siffofin su yi kusa da abin da masu karatu suka saba. Amma ya kamata a san cewa yaron da ya fara da fim, in ya zo karatu, fuskokin 'yan wasa zai riƙa gani, da wuya kuma ya sāke samun nasa.

5. Mudu na Biyu: Harshe

Nan ne asarar da ba a cika ambata ba, ga shi kuwa ita ce ta fi shafar masu nazarin harshe. Tolkien ya bayyana cewa harsunan ne suka riga labarin, ya ƙaga labarin ne don harsunan su sami duniyar da za a yi magana da su. Ya gina Quenya yana sha'awar amon harshen Finlan, ya gina Sindarin bisa fasalin harshen Wales. Masu fim sun girmama wannan gwargwadon iko, suka ɗauki masanin harshe David Salo ya fassara musu jimloli, har aka ji 'yan wasa suna magana da harsunan nan ana rubuta fassara a ƙasa.

Amma gwanintar Tolkien ta fi yawa a cikin Ingilishin kansa. Ya yi kamar shi mai fassara ne kawai, wai ya sami labarin a wani tsohon kundi da Hobitawa suka rubuta. Saboda haka ya ba kowace al'umma irin Ingilishin da ya dace da matsayinta. Hobitawa suna magana irin ta mutanen ƙauyen Ingila. Mahayan Rohan sunayensu da gaisuwarsu na tsohon Ingilishi ne, irin na kafin shekara 1,000 da suka wuce. Mutanen birnin Gondor kuwa maganarsu ta fāda ce, mai nauyi, mai tsohon gini. Muryar mai ba da labarin ita ma tana tafiya tare da matafiya: ta fara da raha a ƙauye, tana ƙara nauyi har ta koma kamar ta marubutan tarihin sarakuna, sa'an nan ta sauko sa'ad da aka komo gida. Mai karatu yana jin nisan tafiya a cikin ginin jimla kanta.

Ga misali guda da zai nuna zurfin abin. A ratayen da ke ƙarshen littafin Tolkien ya bayyana cewa harshen mutanen duniyar nan yana da wakilin suna iri biyu, na girmamawa da na sabo, amma Hobitawa sun yar da na girmamawa, da na sabo suke kiran kowa. Saboda haka da Pippin ya je Gondor yana yi wa Denethor, mai riƙon gadon sarauta, magana kamar tsaransa, sai mutanen birni suka ɗauka lalle ɗan sarki ne a ƙasarsu. Kwatancinsa shi ne baƙauye ya shiga fāda ya yi magana da sarki ba ranka ya daɗe, ba Allah ya ba ka nasara, fadawa su ce wannan ba ƙaramin mutum ba ne. A cikin labarin kuma Tolkien yakan juya daga you zuwa tsohuwar kalmar thou in zuciya ta motsa. Da ita Éowyn ta roƙi Aragorn sa'ad da ƙauna ta fi ƙarfinta, da ita kuma Denethor ya yi wa Gandalf magana ta raini a sa'arsa ta ƙarshe. Kalma guda ta ɗauki ƙauna a baki ɗaya, ta ɗauki wulakanci a wani bakin.

Kusan duk wannan ya zube a fim. An bar bambancin karin magana tsakanin 'yan wasa, an kuma tsinto jimloli masu daɗi daga littafi, wani lokaci a cire daga bakin wani a sa a bakin wani. Amma matakan harshen sun taru sun koma kusan ɗaya, an kuma cusa barkwancin zamani, musamman a bakin Gimli, wanda a littafi mutum ne mai nauyin magana da fasaha, a fim kuwa ya zama abin dariya. Waƙoƙi fiye da 60 da ke cikin littafin, waɗanda da su ake jin tsufan duniyar, 'yan kaɗan ne suka tsira. Ƙagaggun harsunan sun shiga fim a matsayin ado, aikin da harshe yake yi cikin littafin kuwa an bar shi a takarda.

6. Mudu na Uku: Halin Mutane

Akwai wata ƙa'ida da masu tsara fim na zamani suke bi, cewa kowane babban ɗan wasa sai ya fara da shakka ko rauni, sa'an nan ya sake hali a gaban mai kallo. Da wannan ƙa'ida aka bi mutanen Tolkien ɗaya bayan ɗaya. Aragorn na littafi ya san shi magajin sarauta ne, yana ɗauke da karyayyen takobin kakansa, an kuwa gyara masa shi tun kafin a fita tafiya. Na fim yana gudun sarauta, sai a fim na uku ya karɓi takobin. Makiyayan itatuwa a littafi sun zauna sun yi shawara kwana uku suka yanke su tafi yaƙi, suna sane watakila ƙarshensu ke nan. A fim sun ƙi, sai da Pippin ya yi musu dabara. Denethor na littafi babban mutum ne mai basira, wanda ya riƙa duba cikin wani dutsen gani-nesa, maƙiyi yana nuna masa abin da zai karya masa zuciya, har ya yanke ƙauna. Fim bai nuna dutsen a hannunsa ba, sai aka bar mahaukacin tsoho mai haɗama, wanda Gandalf yake bugu da sanda.

Mafi nauyi shi ne Faramir, ƙanen Boromir, wanda Tolkien ya taɓa cewa shi ne ya fi kama da shi a cikin mutanen labarin. A littafi Frodo ya faɗa hannunsa a daji, ga sojoji, ga zobe, ba mai hana shi. Ya gane abin da ke gabansa, ya ƙi taɓawa, ya ba su guzuri ya sallame su. A fim sai ya kama su ya nufi wurin ubansa da su, sai da suka kai Osgiliath ya sake shawara. Masu fim sun ba da hujjarsu, cewa sun yi sa'o'i suna nuna zoben yana rinjayar kowa, in wani ya ture shi a sauƙaƙe ƙarfinsa ya zube. Hujja ce mai ma'ana a wajen gina fim. Amma ta rushe abin da littafin yake faɗi, watau cewa mutumin da ya riga ya san abin da yake ƙauna da abin da ba zai yi ba, tun kafin jarraba ta zo, yana iya tsayawa. An sa 'yan'uwan nan biyu ne don a gwada su, ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tsaya. In duka biyu suka yi tuntuɓe, gwajin ya tashi.

Irin wannan ne kuma a dogon zubin fim na uku, inda Aragorn ya sare kan jakadan Sauron ana tsakiyar magana. A littafi jakadan ya yi rashin kunya iyakar iyawarsa, aka bar shi ya koma lafiya, domin ba a taɓa manzo. Littafin da jigonsa shi ne kada a yaƙi mugu da makamin mugu, bai kamata sarkinsa na gaskiya ya yi haka ba.

7. Komawa Gida

A bakin ramin wuta fim ya riƙe babban abu guda, ya kuwa cancanci yabo: Frodo ya kāsa. Ya kai zoben har wurin, sa'an nan ya ce nasa ne. Gollum ne ya cije masa yatsa ya ƙwace. A littafi Gollum yana rawar murna ya zame ya faɗa shi kaɗai, watau duniya ta tsira ne saboda tausayin da Bilbo da Frodo da Sam suka nuna da suka bar shi da rai. Fim ya ƙara kokawa tsakaninsa da Frodo har suka gangara tare, wannan kuwa ya ɗan dusashe ma'anar, ko da yake bai kashe ta ba.

Abin da aka kashe ɗungum shi ne babin da ke kusa da na ƙarshe. A littafi Hobitawa huɗu sun komo gida suka tarar an mamaye ƙasarsu. An sassare itatuwa, an rushe tsohon injin niƙa an gina wani mai hayaƙi yana ɓata ruwa, an kafa dokoki da 'yan sanda, ana tattara amfanin gona da sunan rabo. Waɗansu Hobitawa ma suna cikin masu yi wa azzalumai aiki. Mai wannan aiki kuwa Saruman ne, babban masanin da ya ci amana. Matafiyan suka ta da jama'a aka yi yaƙi, Hobitawa 19 suka mutu. Frodo bai zare takobi ba, da aka kama Saruman kuma ya hana a kashe shi, ko da yake ya kai masa suka da wuƙa. A gabatarwar bugu na biyu Tolkien ya ce babin nan ginshiƙi ne na labarin, tun farko da shi aka tsara.

A fim ƙauyen yana nan yadda aka bar shi, kore shar, ba wanda ya san an yi wani yaƙi. An nuna su huɗu zaune a mashaya shiru, jama'a suna ta sha'awar wani ƙaton kabewa. Wuri ne mai kyau, ya kuma nuna kaɗaicin sojan da ya komo. Amma magana biyu ce dabam. Fim ya ce mugunta tana can nesa, jarumai sun je sun kashe ta, gida ya tsira. Littafi ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, mugunta kuma ba ta da ƙasa guda, tana iya shigowa unguwa da fuskar maƙwabci, kuma amfanin tafiya shi ne a komo da ƙarfin gyara gida ba tare da an zama azzalumi ba. Mutumin da ya ga Somme, ya rasa aminansa a can, shi ya rubuta ta biyun. An ce fim ya riga ya yi tsawo, ba za a iya ta da sabon rikici bayan zobe ya narke ba. Gaskiya ne, amma fim ɗin da ya sami minti 40 na yaƙi guda ya nuna abin da ya fi so.

8. The Hobbit

In finafinai ukun farko sun rage, uku na baya ƙari suka yi. The Hobbit littafin yara ne mai babi 19, shafinsa wajen 300. An mai da shi finafinai uku a 2012 da 2013 da 2014, tsawonsu minti 474. An ƙago Tauriel wadda ba ta cikin littafi, aka ƙulla mata soyayya, aka shigo da Legolas, aka ta da Azog wanda ya riga ya mutu tun kafin labarin. Daɗin littafin kuwa yana ga muryar mai ba da labari, wanda yake juyowa yana yi wa yaro magana kamar kaka da jika, yana yi wa manyan jarumai dariya a fakaice. Babban yaƙin ƙarshe ma, dutse ya bugi Bilbo ya suma, sai da ya farfaɗo aka ba shi labarin sauran. Wannan zaɓi ne na marubucin da ba ya son yara su ɗauki yaƙi abin sha'awa. Yaƙin nan shi ne ya ba fim na uku sunansa, ya kuma cika yawancinsa. A 2012 Christopher, ɗan Tolkien, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa cewa an fafe cikin littafin ubansa an mai da shi fim na faɗa don matasa. Ga finafinan farko maganar ta yi tsanani, ga na baya kuwa da wuya a musa ta.

9. Kammalawa

In an tara awon, da mudu na fari finafinan The Lord of the Rings sun yi kusa da littafi fiye da yadda aka zata zai yiwu, wani wuri ma sun ƙara masa. Da mudu na biyu sun riƙe ɓawo sun zubar da ƙwaya. Da mudu na uku sun riƙe tausayi da kāsawar Frodo, suka saki Faramir da Denethor da komawa gida. Finafinai ne nagari, sun kuma jawo wa littafin ɗimbin sababbin masu karatu. Sai dai kama da wane ba wane ba ce.

Ba a ce kada mai fasaha ya sāke labarin da ya tarar ba. A shekarar da aka buga The Hobbit, 1937, aka fara buga Magana Jari Ce, inda Abubakar Imam ya ɗebo labaru daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da waɗansu wurare, ya sāke musu suna da gari da ɗabi'a, ya sa su a bakin aku. Ba wanda ya zarge shi, domin sabon abu ya gina, ya kuma sa masa sabon suna. Amma wanda ya riƙe sunan littafi da na marubucinsa ya ɗauki amana. Yana da izinin rage mutane, ya haɗe kwanaki, ya sāke jerin aukuwa. Abu biyu ne ya wajaba ya tambayi kansa kafin ya ɗora kyamara: wace murya ce take ba da labarin nan, kuma wane hukunci labarin ya yanke? Tambayoyin nan suna kan duk mai nufin ɗaukar Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ko wani littafin almara na Hausa ya kai shi majigi, domin su ma rabin daɗinsu yana bakin mai ba da labari ne.